Ta Ƙarshen Layi

A ƙungiyarmu ta masu gudun Asabar
ni aka ba riga mai ruwan lemo.
Aikina ɗaya ne: in iso a ƙarshe,
don kada wani ya zama na ƙarshe.

Ƙarfe takwas muke haɗuwa bayan tashar jirgin ƙasa,
inda masu aiki a Landan ke ɗaure kekunansu.
Gethin ya busa usur, samari su fyalla,
kafin in zuge rigata sun sha kwana,
sai tururin bakinsu ya rage a iska.

Ni da Maureen muke biyo baya.
Shekarunta saba'in da tara, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
Ba gudu take ba, ba kuma tafiya ba,
wani abu ne tsakanin biyun
da har yau ban samo masa suna ba.

Hanyar ta gangara ta bayan coci,
ta kutsa ƙarƙashin gadar dogo mai ɗiga ko da rani,
sai ga Tems a shimfiɗe, launin shayi da madara.
A takarda kilomita biyar ce.
A ƙafar Maureen kuwa sunaye ne:
nan dinya ta taɓa kora ta har bakin shinge,
nan lambun mutumin da ke noma wa tantabaru kabeji,
nan kwalekwalen da aka mayar gida,
da karensa mai haushin ganin dama,
nan kuma saiwar da ta kayar da likitan haƙori
sau biyu a shekara guda.
Kullum sai ta gaishe ta da tafin takalmi.

A Janairu kogi ya cika ya tumbatsa,
ya hau hanya, ya zauna a benci
kamar mai jiran mota.
Hukumar gari ta ɗaura jan kirtani.
Gethin ya zana mana wata ta cikin unguwa:
bayan babban kanti, a tsallake titi huɗu,
a zagaye makaranta sau biyu.
Nisan ɗaya ne, in ji agogon hannunsa.
Maureen ta gwada sau ɗaya, ta ce,
"Wannan lissafi ne, ba hanya ba."
Ba ta sake zuwa ba.

Mako shida ina bin bayan wasu:
ma'aikacin banki mai tari,
wata mai tura keken jariri,
kowa na waiwaye yana ba ni haƙuri.
Ko ranar Talata da nake fita ni kaɗai
sai in ji ƙafata ta sassauta
ba tare da na sa ta ba.

A Maris ruwa ya janye jiki.
Ya bar laka, da takalmin yaro wari guda,
da kujerar roba a maƙale a reshe.
Asabar ɗin farko, ga ta a bayan tasha,
wannan karon da sanda.
"Biyar ta fi ƙarfina," ta ce. "Mu je mu ga saiwa."

Muka je. Babu saiwa.
Kogi ya gutsure gaɓar, ya tafi da ita.
Ta daɗe tana kallon gurbin,
ruwa na lasar bakinsa a hankali.
Can ta ce, "To, likita ya huta."
Muka juyo.

Lokacin da muka hango tasha
sauran sun shanye kofi, sun tafi wanka,
Gethin kaɗai ke tsaye da takarda, hancinsa ja.
Saura taku goma ta rage tafiya,
tana satar kallona, tana so in wuce
ko sau ɗaya a rayuwa.

Na durƙusa a cikin laka
ina ɗaure igiyar takalmin
da ba ta kwance ba.