Abin da Zuciyar Ɗan Dako Ta Faɗa

Da na ce wa Kawu Ɗanlami zan koma digiri na biyu,
sai ya cire asuwaki daga baki ya ce, “Na me?”
Na ce kimiyyar motsa jiki.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
“Gudun da ɓarawon Kurmi ke yi kyauta,
shi za ka biya kuɗi a koya maka?”
Ban tanka ba. Na tari Adaidaita, muka miƙi titin Gwarzo.

Shekara biyu aka ce, ta zama uku da rabi,
yajin aiki ya lashe damina da kaka.
Da safe ina sa ’yan firamare tsallen kwaɗo a Ƙofar Na’isa,
da dare ina haddar sunayen tsoka
a harshen mutanen da suka daɗe a ƙasa,
fitilar waya a haƙorina,
sauro na biya nasa karatun a kunnena.

Da aka zo bincike, Dakta Asabe ta ce,
“Kowa Ƙofar Mata yake zuwa ya auna ’yan ƙwallo.
Kai fa?”
Na ce Singa.
Can inda mutum ke saɓa buhun sukari biyu ya yi sassarfa,
ba mai busa usur, ba mai tafi,
ba hutun rabin lokaci sai kiran azahar.

Talatin da bakwai suka yarda na ɗaura musu na’ura a ƙirji.
Wani ya ce laya ce,
wani ya ce dabarar haraji ce.
Malam Tukur Mai-gammo, furfura har gira,
ya yaye riga ya ce, “Auna, yaro.
In ka ji abin da take cewa, ka faɗa mini,
ni na daɗe ban saurare ta ba.”

Ɗari da sittin a minti, daga bakin tirela zuwa sito.
Hamsin cif in ya zauna gaban mai koko.
Na koma na buɗe littafi har sau uku:
irin wannan zuciya, a wata ƙasa,
zinariya ake rataya wa mai ita.
A nan, kan buhu ake lissafi,
a kuma ce ya dawo gobe, babu canji.

Gwiwarsa ta hagu kuwa kuka take kamar tsohon ƙyaure.
Na nuna masa durƙuso: baya a miƙe, nauyi a cinya.
Ya ce, “Tun ba a haife ka ba nake ɗauka.”
Bayan mako uku na hango shi ta bayan kwalaye
yana yi, yana waiwaye kada in gani.

Ranar kare kundi wuta ta ɗauke.
Cikin gumi baƙon farfesa ya ce,
“Me ka ƙara wa ilimi?”
Na karanto lambobi, na nuna jadawali.
Abin da na haɗiye shi ne:
ilimin na same shi a tsaye, yana huci,
ni dai alƙalami na ara masa.

An sa mini rigar aro da hula mai kusurwa huɗu.
Kawu ya zo, ya rame, likita ya raba shi da gishiri.
Da aka watse ɗaukar hoto ya ja ni gefe,
murya ƙasa-ƙasa:
“Tafiyar nan ta bayan asuba, minti nawa ka ce?”

Washegari na kai kundin Singa.
Malam Tukur ya karɓa, ya jinjina shi a tafi ɗaya.
“Shekara uku da rabi ke nan?
Ai bai kai mudun gero ba.”
Ya ajiye shi ƙasa, ya gyara gammo,
ya durƙusa, baya a miƙe,
ya ɗora shi a ka,
ya ce, “Ina za a kai maka?”