Kwali Goma Sha Ɗaya

A garejina, nan Rosario,
tsakanin mataccen firiji da keken da ba sarƙa,
kwali goma sha ɗaya ke jibge.
Kowanne da fuskar ƙanena ɗari a ciki,
duk sun waiga gefe, kamar an kira su daga nesa.

Shekara ashirin Lisandro na gaban mutum huɗu,
jita a ƙugu, gumi har cikin takalmi,
filin ƙwallo na karɓe baiti tun bai buɗe baki ba.
Ran da ya ce zai yi nasa shi kaɗai,
Fermin mai ganga bai ce uffan ba,
ya ɗaure sandunansa da roba, ya nufi tasha.

Faifan ya fito a Yuli, sanyi na cizon yatsa.
Mai sharhin jarida ya ba shi tauraro ɗaya da rabi.
Rabin nan ya fi ci masa rai.
"Ina tsawar rok ɗin?" in ji shi,
"wannan ai yayyafi ne a kan kwano."
Rediyo ta sa waƙar farko sau biyu,
na biyun bisa kuskure.

Daren ƙaddamarwa, kujera tamanin, mu goma sha tara.
Wani daga baya na ta ihu a yi masa tsohuwa.
Ya yi masa.
Ni muƙamuƙinsa nake kallo.

Ba zan rufe ba, hannu ɗaya bai ɗauki jinkar ba.
Waƙa shida sun yi tsawo, ni ma na yi hamma.
Amma ta bakwai,
ta Babanmu da ya shekara talatin
yana loda wa jiragen Parana alkama
bai taɓa hawa ko ɗaya ba,
a minti na uku murya ta karye, bai gyara ba.
Jarida ta ce sakaci ne.
Ni na san wurin:
matakala ta tara, inda Baba kan tsaya ya yi tari.

Yanzu yara yake koya wa jita ran Talata.
Lahadi ya zo, ya ci taliya, ya wanke kwanonsa,
ko kallon gareji ba ya yi.

Sai shekaranjiya na tarar an yanke bakin kwali guda,
saura casa'in da tara.
Ban tambaya ba.
Shi ma bai tambayi wanda ya ɗora su kan bulo ba
tun kafin ruwan bara ya shigo.