Tukunya a Kan Tudu

Asabar, kafin ladan ya sauko, muka bar Maradi,
mu tara, cikin motar Sahabi mai tari.
Inda kwalta ta ƙare ta zubar da mu.
Daga nan sai ƙafa,
kowa da jakarsa a baya, ni da tukunya a ka,
baƙar tukunyar da inna ta ce
in ta fashe, in nemi wani gida.

Tsahara ta ɗauki albasa, kilo uku, 'yar Galmi.
Bargaji ya rungumi kwandon zabi huɗu,
suna zaginsa tun daga fadama.
Kuluwa ta ƙulle aya a bakin zane,
man shanu yana narkewa cikin kwalba a hammatar Mantau.
Harira ta ce: mutane suna hawa dutse da burodi da sardin,
kai kuma ka kwaso mana biki.
Na ce: ƙafa ta sha wuya,
me ya sa harshe ma zai sha?

Tudun ba shi da wani tsawo.
Mutanen Agadas da sun gani da sun yi dariya.
To, su hau shi da turmi a jaka,
sannan mu yi magana.

A sama, bukkar masu gadin daji:
rufin kwano, ƙofa ba sakata,
jemagu biyu sun riga mu kama ɗaki.
Duwatsun murhu uku suna nan,
baƙi ƙirin da hayaƙin waɗanda ba mu sani ba.

Na raba aiki kamar gado.
Kai fige, ke daka, kai samo ƙirare, ban da ɗanye.
Aka jiƙa aya, aka kirɓa, aka tace da sabon kallabi,
madararta ta sauko fara sol.
Albasa ta yi zaman awa guda cikin man shanu
har ta zama ruwan zuma.
Citta, masoro, kimba guda ɗaya tak,
don kimba in ta samu wuri sai ta hana kowa magana.
Zabi suka shiga, suka yi shiru a karon farko.
Na kwarara madarar aya a kansu.

Sai na miƙa hannu: gishiri.

Kowa ya dubi Mantau.
Mantau ya dubi sama.
Laifin wa? Da sunansa muka san shi,
muka kuma ba shi.

Rana tana gangarawa, miya tana tafasa lami,
ni kuma zuciyata ta fi ta tafasa,
sai ga ƙarar ƙararrawar tumaki a gindin tudu.
Wani tsoho mai kiwo, Jaɓɓo,
ya kwance ƙunshi, ya ɓantaro mana kantu,
wanda dabbobinsa suka riga suka lashe gefe ɗaya.
Na kankare, na daka, na barbaɗa.
Bai karɓi kuɗi ba. Ya ce cinya.

Mu goma muka zagaye faranti.
Shinkafa, romo mai kauri, dambun zogale a gefe,
lemun tsami da aka yanka da wuƙar gyaran takalmi.
Ba wanda ya ce uffan.
Can nesa tafkin Madarumfa yana ƙyalli kamar cokali.
Harira ta suɗe yatsa, ta suɗe na biyu,
sardin ɗinta yana jaka, bai ga duniya ba.
Daga baya dabino, an cire ƙwallo, an cusa cuku,
shayi zagaye uku,
Jaɓɓo yana tambaya ko kowace Asabar muke haukan nan.

Lahadi na wanke tukunya da yashi.
Ta yi sabuwar lotsawa a gindi, inda Bargaji ya yi tuntuɓe.
Mun sauko ba nauyi.
Ragowar kantun yana aljihuna,
kuma ban yanke ba tukuna
ko zan gaya wa inna wa ya fara lasarsa.