Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ni ne masinjan ofishin ayyuka.
Shekara goma sha tara ina jigilar fayil
daga tebur zuwa tebur, ban taɓa sa hannu a ko ɗaya ba.

Ranar Talata Oga Adjei ya ce,
"Mumuni, kwana da wannan,
gobe da sassafe ka same mu a zauren taro.
Kwamitin majalisa ya taho daga Ankara,
za su bi lissafinmu sidi-sidi."
Na ɗaure shi a bayan keke,
na ratsa Asawase na nufi Aboabo,
hadari na bin ƙeyata.

Ruwa ya sauko bayan lisha.
Ya san ƙofarmu, ba ya sallama.
Memuna ta kwashe tukwane da yara ta ɗora kan gado,
ni kuwa na tsaya, ruwa iya gwiwa,
da amanar gwamnati a ka.
Santsi ɗaya a bakin ƙofa,
gefen fayil ya sha.

Na shanya shi kan kurfoti har asuba.
A nan na karanta, don ido ba ya neman izini:
shafi na arba'in da ɗaya,
kwatar Layin Maikanwa, mita ɗari shida,
siminti buhu kaza, rodi kaza,
sidi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.
An kammala. An duba. An biya.

Layin Maikanwa layinmu ne.
Na leƙa ta taga in ga kwatar,
sai na ga silifas ɗin maƙwabcina yana iyo.

Zauren da sanyi kamar randa.
Ruwan gora a jere, makirfo a gaban kowa.
An yi awa biyu kan kuɗin man mota,
an yi awa guda kan kujerun makaranta
da aka saya sau biyu, ba a kai ko sau ɗaya ba.
Oga na amsawa da Turanci mai maiƙo,
akanta na shafa sanƙo yana cewa
rasit yana nan, ana nemansa.
Ni ina can baya, kusa da tsintsiya.

Sai wata 'yar majalisa, Fuseina Braimah,
siririya, tabarau a kan hanci,
ta tsaya da juya takarda.
Ba ta tambayi rodi ba, ba ta tambayi ɗan kwangila ba.
Ta ɗaga shafin da yatsu biyu
kamar mai cire kifi daga mai:
"Me ya jiƙa wannan?"

Oga ya ce shayi ne.
Ta kai shi hanci.
Ta ce ta girma a zango,
ta san shayi, ta kuma san wannan.
"Wa ya kawo fayil?"

Gwiwata ta tashi kafin in yanke shawara.
"A ina ka kwana da shi, baba?"
Na tuna fansho, saura shekara uku.
Na tuna kuɗin makarantar Rabi.
Na ce, "Layin Maikanwa, ranki ya daɗe."

Iyakar abin da na faɗa ke nan.
Magatakarda ya rubuta, na ji ƙarar bironsa.

Sun ce za su zo Jumma'a su gani da ido.
Daren Alhamis tifa biyu suka juye yashi a layinmu,
yara suka kwana hawa suna gangarowa.
Ni an mai da ni sito, ina ƙidaya tsofaffin tayoyi,
Oga ba ya amsa gaisuwata.

Memuna ta ce bakina ya ja mana.
Na ce ba ni ba ne, takardar ce ta yi magana.
Ba ta yi dariya ba.
Tana kallon gabas,
tana ɗora tukwane kan gado.