Sawun Taya a Gonar Citta

Mu tara muka tashi daga Sabon Tasha
tun rana ba ta wanke ido ba.
Babura tara, hulunan kwano tara,
Zayyanu a gaba, wayarsa ɗaure a ƙahon babur,
ni a baya, don ni ke riƙe da faci da sufana.

Muka wuce Kujama, muka saki kwalta,
jar ƙasa ta karɓe mu hannu bibbiyu.
Ruwan jiya ya bar mana taɓo daidai wasa,
kowa na ihu cikin hularsa,
ba mai jin na wani.

Gab da Kachia waya ta ce, ku yanke ta nan.
Fili ne kwance, lulluɓe da busasshiyar ciyawa,
ba shinge, ba kunya.
Ta gona nake nufi,
ko da yake mu ma ba mu ɗauko tamu daga gida ba.

Muka ja mai.
Zane tara muka yi masa, daga gefe har gefe,
kamar tsagar wanzamin da ya sha ya bugu.

A ɗaya bakin muka same ta,
da damin ciyawa a ka, da lauje a ƙugu.
Mama Saraya, haka yaran ƙauyen suka kira ta.
Ba ta ɗaga murya ba.
Da ta ɗaga, da ya fi mini sauƙi.

Ta sauke dami, ta durƙusa a sawun tayata,
ta tona da yatsa biyu,
ta ɗago ɗan guntun citta a fashe,
tsironsa fari, kamar haƙorin farko na jariri.

Ta ce, buhu huɗu na iri ne a nan ƙasa,
rancen zumuntar mata, biya bayan Kirsimeti.
Ciyawar nan kwana sha ɗaya na yi ina yankanta,
citta ba ta son rana a ka tana ƙarama.

Zayyanu ya miƙa waya: Mama, taswira ce ta nuna hanya.
Ta duba gilashin, ta dube shi.
Ta ce, taswirar taka ta taɓa riƙe fartanya?
Tambaye ta ko ta san wanda ke kwance
can gindin ɗorawa, inda kuka yi kwana.

Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.
Sai a lokacin na ji akwai kurciya a wurin.

Na tuna ranar da ɗan acaɓa ya goge mini tanki a Kakuri,
ɗan ƙarce bai kai farce ba,
sai da na tara masa jama'a.

Bulus ya zaro kuɗi.
Ta ce, mayar, takarda ba ta yi wa citta inuwa.
Ta aika gida aka kawo lauje uku.

Haka muka wuni a bakin rafi,
'yan birni da takalman dubu tamanin,
muna yanka, muna ɗauka, muna rufe abin da muka tone.
Abin da ya fashe dai ya fashe,
ciyawa ba ta ɗinke shi.

Da la'asar ta ba mu kunu a kwano ɗaya,
ta nuna da haɓa: ga burtali can bayan tsamiya,
shanu ma sun san shi.
Da kun tsaya kun yi sallama, da yaro ya raka ku.

Kantar hannuna ta yi sati biyu kafin ta baje.
Har yanzu muna fita ran Asabar,
ni ne dai a baya da sufana,
amma in kwalta ta ƙare, ƙasa ta fara kama da ta wani,
nakan danna ham sau uku, a tsaya.
In cire hula, in taka da ƙafa,
in nemi mai wurin.