Yatsa Huɗu

Arzika dogo ne, ni kuwa gajere,
nono ɗaya muka sha, awon bai zo ɗaya ba.
Da ya rasu aka yi rabo:
gona ga manya, rediyo ga auta,
ni mashin ɗinsa na kabu-kabu ya faɗo mini,
ingarman da in na hau, ƙafata ba ta kai ƙasa.

Rannan a shataletalen Dandima
ɗan sanda ya ɗaga hannu, na taka burki,
na miƙa yatsun ƙafa ina laluben kwalta
kamar mai neman takalmi bayan sallar asuba.
Ni da fasinja da buhun albasa
muka kwanta gefe guda.
Mai shayi ya ce, "Wanga mashin na aro na?"
Albasa tana gangara, ina bi ina tsinta,
rana tana dukan ƙeyata daga bisa.

Na tura shi Buzaye wurin Nomau kanike.
Ya dube ni, ya dubi mashin, bai yi dariya ba,
Allah ya saka masa.
Ya ce, "Mu sa gajeren sifirin, ka samu yatsa biyu.
Amma ka sani, kowane sauƙi da kuɗinai:
ranar da ka faɗa ramukan Mabera da damina
cikin mashin zai gaisa da ƙasa.
Sauran biyun suna cikin sirdi,
je ka wurin Labbo ya rage maka soso."

Labbo ya ɓalle fatar sirdin, ya yaye.
Sai ga kwarmi a tsakiyar soso,
gumi ya rina shi kamar bakin mai cin goro:
shekara tara, Kara zuwa Kwannawa,
Kwannawa zuwa Kara,
nan Arzika ya zauna ya ciyar da gida.
Labbo ya ɗauki wuƙa yana wasawa.
Na ce, "Tsaya."
Ya ce, "Mi?"
Ban san amsar da zan ba shi ba.
Ya mai da wuƙar kube,
ya sauko da sabon sirdi daga ƙusa,
shafaffe, mai tauri, yana warin leda,
bai san zaman kowa ba.
Kuɗin ya fi ƙarfina. Ya ce in kawo rabi, in ƙarasa.

Yanzu in na tsaya, tafin ƙafata duka biyu
suna shan zafin kwalta,
gwiwa tana ƙorafi da la'asar, na bar ta tana yi.

Tsohon sirdin yana gindin dogonyaro a gida.
Haliru, ɗan Arzika, yana hawansa,
yana murɗa iska, yana kiran fasinja da baki.
Shekararsa bakwai, wandon bara ya tsaya a ƙwauri.
Dogon sifirin na shafa masa baƙin mai,
na naɗe shi a tsumma,
yana ƙarƙashin gado, bai yi nisa ba.