Mai Tuta

Ran Talata, bayan ruwan la'asar ya ɗauke,
na gan shi a bangon kicin, daura da randa,
baƙi wuluk, kamar tawada ce ta ɗiga ta yi ƙafafu.
Bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ƙafafun baya zaƙo-zaƙo irin na fara,
ƙugu kuwa zare ne, zaren ma na allura,
can a ƙarshen zaren wani ɗan abu
yana ɗagawa, yana saukewa,
kamar mai ba motoci hannu a mahaɗar Kawo.

Goggo Lantana ta leƙo, ludayi a hannu:
"Zanzaro ne."
Na ce, Goggo, zanzaro ai magini ne,
ina laka a bakinsa, ina ɗan tulun da ya gina a kusurwa?
"To rina ce, ja da baya.
Ita ta harbe ni a Kachiya, shekarar da aka haife ka,
kwana uku ido bai buɗu ba."
Rina ja ce, Goggo, kuma ba ta yawo ita kaɗai.
"Kai dai ka cika musu.
Abin da ba a san sunansa ba, takalmi ne maganinsa."

Sagiru har ya tuɓe silifa.
Na riƙe hannunsa.
Na kifa kofin gilashi a bango,
na zura takardar kuɗin wutar da ba mu sha ba,
na tsallake kwata da taɓon Unguwar Dosa
ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da nono.

Malam Dogara na bakin ƙofa yana ɓare masara.
Shekara talatin ya yi a ma'aikatar gona,
ya san mai cin dawa, ya san mai cin wake.
Ya goge tabarau da bakin riga,
ya juya kofin wajen haske,
ya daɗe bai ce komai ba.
Sai ya ce, "Akwai kyankyasai a gidanku?"

Na kalli ƙasa. Na ce, ba a rasa ba.

Ya yi dariya har masara ta zube.
"Mace ce ma.
Ka san jakar ƙwan kyankyaso,
mai kama da busasshen wake a bayan kabad?
Ita take nema dare da rana.
In ta samu, ƙwai ɗaya tak za ta saka ciki,
ɗanta ya cinye na masu gida kafin su ƙyanƙyashe.
Ba ta harbin mutum, ba ta cizo,
kama ce kawai ta ja mata baƙin jini."

Sunanta fa, Malam?
"Na littafi dogo ne, sai ya karya maka harshe.
Na Hausa kuwa ban taɓa ji ba.
Mu dai a ofis Mai Tuta muke ce mata."

Na dawo, na buɗe kofin a bayan kabad.
Ta tsaya ta share ƙahonninta,
ta shige duhu ba ko sallama.
Na tuna baƙaƙen tabo nawa na bari a bangon nan
ban tambayi ko ɗayansu sana'arsa ba.

Goggo ta ce, "Wato 'yar haya muka yi,
tana biya da kyankyasai?"
Ta ɗauke gwangwanin fiya-fiya ta kai saman ƙofa.
Da safe na ji ta ta kan katanga
tana gaya wa Uwale mai ƙosai:
"Kada ki kashe, Mai Tuta ce.
Ai ni tun ina yarinya na san ta."